Ranar da Akuya Ta Riga Ma'u Tsallake Gulbi

In ana lissafin matsorata a ƙasar Tsafe, da Ma'u 'yar Buba masaƙi ake farawa, sai a huta a sha ruwa, sannan a nemi na biyu. Tun tana 'yar ƙarama, in zakara ya yi cara ba ta shirya ba, sai ta saki tulu. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, labari kawai fatake suka kawo kasuwa, ba wanda ya ga ko inuwar Bature a Tsafe, amma Ma'u ta faɗa rumbun gero ta ja murfi. Aka neme ta gidan maƙwabta, aka leƙa rijiya. Da aka buɗe rumbu ta ɗago kai fari fat da garin ƙaiƙayi, uwarta ta kurma ihu, ita kuma ta ji ihun uwar ta sake nutsewa ciki. Mu taubasanta na Gusau, 'ya'yan kawunta, da wannan labari muka ci kasuwa shekara da shekaru, kuma kowace shekara rumbun yana ƙara zurfi.

Da ta girma ta auri Yahuza, manomi mai noman taba a fadama, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Uwarsa ta rasu yana goye, gwaggonsa Luba ce ta rene shi. Ita Gwaggo Luba ungozoma ce, doguwa, busasshiya, mai murya irin ta kiran shanu. Rabin mutanen Tsafe ita ta yanke musu cibiya, saboda haka in ta yi magana ko limamin unguwa sai ya kalli ƙasa, don ta san shi tun ba wando.

A wancan zamani ba asibiti, ba malamin magani, abin da ungozoma ta ce shi ne magani. Kuma ba a sa wa jariri nonon uwarsa a baki sai an gwada. A tatso kaɗan a ƙoƙo, a kamo tururuwa a jefa ciki, mata su kewaye su yi tsit. In tururuwa ta fito ta kama gabanta, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, to nonon yana da dafi, sai a raba ɗa da shi har a wanke shi da saiwoyi.

Haihuwar Ma'u ta fari, tururuwa ta mutu. Aka koma yi wa yaron ɗura da ruwan tsimi da madarar saniya, ana shafa wa uwar magani, ana jiran nono ya gyaru. Yaron bai jira ba. Ana gama suna da 'yan kwanaki aka naɗe shi a guntun fari aka kai shi bayan gari. Ko ɗigo ɗaya na nonon uwarsa bai taɓa harshensa ba, amma duk da haka mata suka ce warin nonon ne ya kama shi, don tana rungumarsa a ƙirji. Ma'u ta ji, ta yarda. A nan ko mu bakinmu ya mutu, ba wanda ya yi mata wasa wannan shekarar.

Daminar da ta biyo bayan babbar yunwa, da gero ya fara kai ƙugu, ta sake haihuwar namiji. Gwaggo Luba ta sa aka kawo ƙoƙo. Ma'u tana zaune bakin gadon ƙasa, haƙoranta suna karo da juna har ana ji daga zaure. Aka jefa tururuwa. Ta yi 'yan shure-shure, ta juya, ta yi shiru.

Gwaggo Luba ta ce, "Dahin yana nan. Bai tahi ko'ina ba." Ta kife ƙoƙon da ƙafa. "Wanga karon ba ni wasa. Ko a ƙirji kada in ga kin aza shi."

Yahuza ya samo wata jar akuya mai shayarwa, aka ɗaure ta ƙofar ɗaki, ita ta zama uwa. Safe da yamma, bayan wankan jego da ganyen runhu, Gwaggo Luba takan tatse Ma'u a wani kasko, a kai bayan ɗaki a zuba a rami a rufe da toka, don kada kaji su sha su mutu. Ma'u kuwa ta ɗaure ƙirjinta da majanyi tamau. A baya kaɗai take ɗaukar ɗanta. Yana goye sai ta ji yana goga baki a fatar bayanta, yana nema, yana nema, nan take majanyin ya jiƙe, ta ruga ta wanke hannu da toka kafin ta taɓa shi.

Aka raɗa masa suna Labbo. Madarar akuya ba ta karɓe shi ba. In an ɗura ta sama, ta fito ta ƙasa, ruwa tsululu. Fatar cinyarsa ta soma yin tattara kamar ta tsoho. Ma'u ta san wannan hanya, ta taɓa raka wani a kanta.

Sai wata mai sayar da daddawa ta ba da labarin wata tsohuwa a Bungudu da take wanke nono, wai ko na kububuwa aka kai mata sai ta mayar da shi zuma. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, kowa ya sani. Gwaggo Luba ta dubi yaron, ta dubi rufin ɗaki, ta ce a ɗaura wa jaki akumari. Suka kama hanya: Yahuza a gaba yana jan jaki, Ma'u a kai da goyo, Gwaggo Luba da tukunyar wanka a ka, akuya a baya tana ta kuka don an raba ta da nata ɗan.

Da suka iso Gusau suka sauka gidan kawunta. Taubasai suka fito da gudu, baki cike da tsiya. Wani ya durƙusa gaban akuya ya ce, "Inna, sannu da hanya, ya jego?" Wata ta ce a shimfiɗa wa akuya tabarma, Ma'u a ɗaure ta a turke. Ma'u ta kwance goyo don a yi masa ɗura. Da aka ga yaron, dariya ta tsaya cak. Idanunsa sun shige ciki, maɗigarsa ta faɗa har za ka iya aza ƙwan zabuwa a wurin bai gangaro ba. Wanda ya gaida akuya ya sulale ya fita, shi ya je ya yanko mata ciyawa mai kyau.

Washegari da sassafe suka doshi Bungudu. Da hantsi suka tsallake wata ƙorama da ƙafa, ruwa iya idon sawu, suka hau wani tudu mai tsamiya ɗaya, sai ga gulbi a gabansu, jawur, yana tafiya a hankali kamar ba ruwansa da kowa. A lokacin ba gada, ba kwalekwale a wannan mashiga. Akwai dai wani ɗan fito, Bawa, da ƙaton masakinsa. A zuba kaya a ciki, mutum ya rungumi masakin ta gefe guda, Bawa ya riƙe hannuwansa ta ɗaya gefen, ya yi ta bugun ruwa da ƙafa har su kai. A gindin tsamiya kuma akwai wata mata zaune, Dije mai tukwane, gajera mai kauri, ta sauke kayanta tana jira a gama da masu sauri, don tukwane ba sa son gaggawa.

Bawa ya ce, "Mai jego za a hwara da ita. A sa yaro cikin masaki, ta riƙe."

Ma'u ta dubi masakin, ta dubi ruwan, ta ƙanƙame tsamiya.

Yahuza ya ce, "Ma'u, taso mana."

"Ku hwara, Malam. In gani tukuna."

"Mi za ki gani? Ruwa na, ba wuta ba."

"Ku dai hwara."

Gwaggo Luba ta yi tsaki. "Bar ta. A sa akuya ta gani. In akuya ta ƙetare ba ta mutu ba, ke ma sai ki ji kunya."

Aka ɗaure ƙafafun akuya aka sa ta cikin masaki, da ƙoƙon ɗura da tukunyar wanka. Gwaggo Luba ta ɗaure zane a ƙirji ta shiga ruwa kamar mai shiga ɗakinta. Suka ƙetare. Bawa ya dawo, Ma'u ta ce jaki fa, ba ta ga yadda jaki zai yi ba. Jaki ba ya shiga ruwa sai da mai shi, saboda haka Yahuza ya kama igiya, Bawa ya ja su biyun. Ma'u tana kallo har suka taka tsandauri, ta ce a ranta, to, yanzu ba sauran wanda za a tura.

Bawa ya juyo da masaki ke nan, sai ya tsaya, ya karkata kunne gabas. Ko ɗigon ruwa bai sauka a kansu ba, rana tana nan tarwai. Ashe can wajen duwatsu an kwana ana sheƙa ruwa. Ma'u ta ji wani ruri kamar garken shanu ya taso, sai ga kan ruwa ya kawo, da kumfa, da rassan itace, da jinkar wani bawan Allah tana juyawa da kaza a kanta. Bawa ya fice da gudu ya jawo masakinsa tudu. Kafin a ce kwabo, gulbin da ake hango tsakuwar bakinsa ya haɗiye gaɓa, ya yi faɗin da mutum a ƙetare ya koma kamar ɗan yatsa.

Dije ta miƙe ta ce, "Mu koma baya, ɗiyata, akwai ƙauye can." Suka gangara wajen ƙoramar da aka tsallako da safe. Ita ma ta cika ta batse, tana jan kututture. Suka dawo gindin tsamiya. Gaba ruwa, baya ruwa, tsakiya mata biyu da jariri da tukwane sababbi waɗanda ba komai a cikinsu.

Sai a lokacin Ma'u ta gane abin da ta yi. Akuya tana can.

Labbo ya farka ya fara kuka. Ma'u ta yi ta jijjiga shi, tana kai da kawowa. A ƙetare tana hango Yahuza ya tuɓe riga zai faɗa ruwa, Bawa ya rungume shi ta baya sun zube ƙasa. Ta hango Gwaggo Luba ta durƙusa tana tatsar akuya, aka zuba a ɗan gora aka toshe, Yahuza ya ja da baya ya wurgo da iyakar ƙarfinsa. Goran bai kai ko sulusin gulbi ba, ruwa ya tafi da shi Bungudu ya riga su.

Rurin ruwa ya danne kowace murya, ban da guda ɗaya. Gwaggo Luba ta kafa hannuwa a baki.

"Ma'uuu! Kada ki ba shiii!"

Ma'u ta ɗaga hannu alamar ta ji.

Dije ta ɗebo ruwan gulbi a sabuwar tukunya ta ajiye ya kwanta, ta tace da bakin zane, suka ɗiga masa da yatsa. Ya haɗiye kaɗan, ya dawo da shi. Rana ta take tsaka. Kukan da ya fara da ƙarfi ya koma kamar na ɗan kyanwa, daga nan ya koma buɗe baki kawai, ba sauti. Ma'u ta kwance shi ta shimfiɗe a cinya, nesa da ƙirji iyakar tsawon hannunta. Ba a tatse ta ba tun asuba, ƙirjin ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, zafi har hammata, majanyi yana ɗiga a kan gwiwarta. Duk ɗigon da ya sauka sai ta yi sauri ta rufe da ƙasa.

Dije ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Ke kuwa mi ya hana ki? Ga abu na zuba."

"Dahi gare shi, Inna."

"Wa ya ce?"

"An gwada. Sau biyu. Shi ya kashe na hwarin."

"Ya sha da yawa?"

"Bai sha ba."

Dije ta sunkuya. Ta gyara zaman wata tukunya da ba ta karkace ba. Can ta ce, "To, ni dai ba ni cikin wagga magana. Ni tukwane nika ginawa. Waccan doguwar da ke ƙetare, ko daga nan tsoronta nika ji."

Inuwar tsamiya ta fara komawa gabas. Ruwa bai rage ko kamu ɗaya ba. Ma'u ta sa yatsa a bakin Labbo, ta ji harshensa a bushe kamar ganye. Ya ɗan tsotsa, ya saki. Idanunsa rabi a buɗe, farin kaɗai ake gani. Haka na farin ya yi, ranar da aka aika kiran liman.

Ta ce, "Inna, zai kai gobe?"

Dije ta kau da kai wajen gulbi.

"Inna!"

"Na binne uku, ɗiyata. Kada ki sa ni in hwaɗi."

Ma'u ta dubi ɗanta. In ta hana shi, yunwa ta kashe shi, kowa zai ce Allah ya yi. In ta ba shi ya mutu, ita ta kashe shi da hannunta, ga mijinta da gwaggonsa suna kallo daga ƙetare. Ta juya wannan, ta juya wancan, ba gefen da ba ƙaya. Sai ta kwance majanyi, ƙullin ya gagare ta sai da haƙori. Ta matso kaɗan a tafin hannu, ta zuba masa ido kamar mai kallon kunama.

Dije ta ce, "Mi za ki yi?"

"In dahi na, ni ya hwara ɗauka. Ki gaya ma Malam ya yahe ni."

Ta yi kalmar shahada, ta runtse ido, ta lashe. Sannan ta kwanta a gefen dama ta fuskanci alƙibla, don kada ta wahalar da mai gyara ta. Ta jira. Ta ji cikinta ya yi ƙugi, ta ce ga shi nan ya fara. Ta ji ƙafarta ta yi sanyi, ta ce ya kai ƙafa. Dije ta leƙo kanta.

"Kin mutu?"

"Tukuna."

"Ya ɗanɗanonsa?"

Ma'u ta tanɗe baki. "Zaƙi."

"To tashi, kin danne mani murhin tukunya."

Ma'u ta tashi zaune. Ta ce, "Ni babba ce. Shi ɗan mitsitsi na."

Dije ta ce, "Awo, haka na. Ni ban ce ki ba shi ba. Ki shaida, ban ce ba." Tana faɗar haka tana jawo babbar randar da ke cikin kayanta, ta girke ta tsakanin Ma'u da gulbi, ta ɗora wata tukunya a kai, ta ware mayafinta ta rataya, har ya zama daga ƙetare ba a ganin komai sai kayan mai tukwane. Ta dawo ta durƙusa.

Ma'u ta ɗauko ɗanta ta kawo shi ƙirji, karo na farko tun da ta haife shi. Hawaye ya hana ta gani. Ta kai masa baki, bai kama ba. Yaron da ya saba da ɗura bai san abin da ake yi da nono ba, kuma nonon ya kumbura ya yi santsi, ba wurin kamawa. Ya goga fuska, ya kau da kai.

"Ya ƙi, Inna. Ya san dahi na. Ko shi ya sani!"

"Yi mani shiru. Ya yi tauri na, rage shi." Dije ta nuna mata yadda za ta matse har bakin ya yi laushi. Ta tallabi ƙeyar yaron da hannunta mai kaushin yumɓu. "Juyo da cikinsa ya dubi naki. Ba haka ba, kamar kina miƙa ma sarki gaisuwa! Matso shi. Ɗiga mashi a leɓe. Bari ya buɗe da kyau. Bari. Yanzu!"

Bai kama ba. Suka sake. Ya lashi leɓe, ya yamutse fuska, ya buɗe baki, Dije ta tura kansa. Ma'u ta ji an ja wata jijiya tun daga ƙirji har mara. Ya tsotsa sau ɗaya ya tsaya, ita ma numfashinta ya tsaya. Ya sake. Sai ga ɗan maƙogwaronsa yana motsi, ƙut, ƙut, ƙut.

Daga ƙetare murya ta taso. "Ma'uuu! Mi kike yi bayan tukwaneee?"

Dije ta miƙe ta leƙa ta saman randa, ta kwarara, "Salla takeee!" Ta dawo ta tsuguna tana neman gafarar Allah.

Ya sha har ya saki don kansa. Kansa ya langaɓe baya, hannuwansa suka zube, baki a buɗe, farin ruwa yana gangarowa ta gefe. Ma'u ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta kira sunansa. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi kamar tsumma.

Ihun da ta yi, mutanen Bungudu sun ce sun ji shi a kasuwa, wasu suka fara tattara kaya suna zaton hari ne. Ta miƙe da yaron a hannu ta ture randar Dije ta fashe. "Na kashe shi! Wayyo Allah, na kashe shi!" A ƙetare Gwaggo Luba ta ɗora hannu a ka ta ɓarke da kuka, Yahuza ya durƙushe a cikin taɓo, akuya ta tsinke igiya.

Dije ta fizge yaron, ta aza shi a kafaɗa, ta kara kunne a bayansa. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ɗan bubbuga shi. Ta sake bubbugawa.

Labbo ya yi gyatsa. Ba irin ta jarirai ba, irin ta mahauci bayan Sallar Layya. Ya motsa baki, ya ci gaba da barcinsa.

Dije ta ce, "Ƙoshi na, shashasha. Ba ki taɓa ganin ɗa ya ƙoshi ba?" Sai ta tuna, gaskiya Ma'u ba ta taɓa gani ba, ta miƙa mata shi. "Randata kuwa, Allah ya isa."

Kada a ce tsoro ya saki Ma'u daga nan. Cewa ta yi dafi ne mai tafiya a hankali. Ta zauna da yatsa a ƙarƙashin hancinsa tana jin numfashi, in ya farka ya nema ta ba shi tana kuka, in ya yi barci ta tashe shi ta ga ko yana nan. Kafin rana ta faɗi ya jiƙa mata zane da fitsari, Dije ta ce wannan albishir ne. Haka suka kwana gindin tsamiya.

Da gari ya waye ruwa ya ja baya. Bawa bai gama daidaita masaki ba Gwaggo Luba ta riga ta rungumi masakin. Ta fito tana ɗigar ruwa, ido ya kumbura, ta zo karɓar gawa. Ta tarar da yaro yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ta karɓe shi. Ta shafa maɗiga, ta ji ta ɗago. Ta ja fatar cikinsa ta saki. Ta kai hanci bakinsa ta shinshina.

"Kin ba shi."

Ma'u ta zauna daɓas. Ta nemi Dije da ido, Dije ta duƙufa tana tsintar sakaina kamar ba a taɓa haihuwarta a wurin ba.

"Tambayarki nike. Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba, Gwaggo."

Yahuza ya iso a jiƙe, ya tsaya bayan gwaggonsa yana kallon ɗansa. Gwaggo Luba ta dubi yaron, ta dubi Ma'u. Mace ce da ba ta taɓa yin kuskure ba tun da aka haife ta, kuma ba ranar za ta fara ba. Ta juya ta dubi gulbi, ta dubi tsamiya tun daga saiwa har ƙoli, ta gyaɗa kai.

"Na gane. Wanga wuri na da asiri. Ruwa biyu sunka kewaye ki, sunka janye dahin. Dama na ji a jikina tun da munka iso." Ta miƙa mata yaron. "Mi kike jira? Ba ki ganin yana nema?"

Tsohuwar Bungudu har ta bar duniya ba ta san an taɓa nufo ta ba. Akuya aka ba Dije a madadin randarta, suka juya gida.

Labari ya riga su isa Tsafe. Daga wannan damina, duk macen da tururuwa ta mutu a nononta, a Tsafe ko Kucheri ko Gusau, sai a ce a kai ta mashigar Bungudu ta shayar gindin tsamiya. Kuma ba mai raka ta sai Ma'u, don ita ta san yadda ake yi. Tana tafe tana salati, in kurciya ta tashi ta ƙanƙame mai jegon da aka ba ta amana, amma tana zuwa. A zauna, ta fara lasa da kanta don uwar ta gani, ta rage taurin, ta tallabi ƙeya, ta ce juyo da cikinsa, bari ya buɗe da kyau. In yaro ya langaɓe don ƙoshi, ita ke fara ihu kafin uwar, sannan ta tuna ta bubbuga bayansa. Ba duka suka rayu ba, wasu an makara da su. Amma waɗanda suka rayu, in aka tara su sai su cika kasuwar Gusau har a rasa wurin aza tallan goro. Labbo kansa, shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yana ɗan saurayi yake saɓa buhun auduga shi kaɗai, yana tafe yana cin rogo.

Wajen wannan lokaci aka buɗe ɗakin magani a Gusau. Malamin da ke wurin ya yi ta fama da mata masu kawo jarirai a bushe, nono cike an ɗaure. In ya ce ku ba su, sai su dube shi su ce shi namiji me ya sani. Da ya gaji, ya aika a nemo masa Ma'u. Ta ji an ce ɗakin Nasara, ta ce ba ta gida. Da ƙyar Labbo ya kawo ta, kuma ba ta taɓa taka dokin ƙofar ba, wai warin wurin yana kama mata ƙafa. A waje take zama ƙarƙashin itacen bedi, a turo mata masu jego ɗaya bayan ɗaya. Da yake ƙafa ta fara gajiya da hanyar Bungudu, sai ta sa ana ɗebo mata ruwan mashigar a gora, ta zuba layi biyu a ƙasa, ɗaya gaban mai jego ɗaya bayanta, sannan a fara.

Wata rana malamin ya fito ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Inna Ma'u, tsakaninki da Allah, ruwan nan yana yin wani abu?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malam."

"To mu gwada yau ba shi mana."

Ma'u ta rungume goranta, ido waje. "Gwada da wa? Da wanga?" Ta nuna jaririn da ke cinyar wata yarinya 'yar Damba. "A'a. In gwaji kake so, nemo naka."

Ta tsiyaya layin gaba, ta tsiyaya na baya, ta sa hannu ta tallabi ƙeyar yaron.